Buɗaɗɗiyar wasiƙa zuwa ga kwamitin ƙungiyarmu ta masu zanen fentin ruwa

Shugaba, Ma'aji, da sauran 'yan kwamiti, ranku ya daɗe.

Bayan gaisuwa da fatan kuna lafiya. Sanarwarku ta iso mana cewa Mama Sakatariya za ta sauka daga kujerarta a babban taron da ke tafe, kuma kun tsai da shawarar a yi mata liyafa, a miƙa mata lambar yabo, Shugaba ya yi jawabi, a ɗauki hoto. Madalla. Ba ni da ja a kan ko ɗaya, kuma in Allah ya kai mu zan zo in tafa har hannuna ya yi zafi. Abin da ya sa na ɗauki alƙalami shi ne na bi sanarwar daga sama har ƙasa, ban ga layi ɗaya da ya faɗi abin da zai faru washegarin liyafa ba. Na zaɓi in rubuto a fili, inda kowane memba zai gani, domin maganar ta shafe mu duka, kuma gyara kayanka bai taɓa zama sauke mu raba ba.

Bari in fara da tambaya, kada wani ya ji haushi. A cikinku wa zai iya zama yanzu ya rubuta mana aikin Mama daga farkon shekara zuwa ƙarshenta? A tsarin mulkin ƙungiya aikin sakatare bai wuce 'yan layuka ba: kiran taro, rubuta bayanan taro, amsa wasiƙu, riƙe rajistar membobi. Wanda ya karanta wannan zai ɗauka aikin yamma ɗaya ne a wata. Abin da matar nan ta yi mana fiye da shekara 30 kuwa, rabinsa ba ya cikin wannan takarda, kuma ba ya cikin kowace takarda. Yana cikin kanta da yatsunta.

Ku tuna ranar karɓar zane-zane, kafin baje koli. Mu duka gaban zane muke kallo, muna duban wa ya iya sararin sama, wa ya ɓata inuwa. Ita da an miƙo mata firam sai ta juya shi, bayansa take fara dubawa. Ta shafa kwalin baya da tafin hannu ta ji ko ya sha danshi. Ta ja wayar ratayewa ta ga ko ƙusoshin za su riƙe. Ta karkata firam ɗin wajen taga ta leƙa ko takardar ta taɓa gilashi, domin in ba a sa kwalin tsakani ba, ranar da laima ta taru a ciki fenti zai manne wa gilashin, zane ya tashi aiki. In kuwa ta tarar an liƙa takardar da salatif irin na ɗaure kaya, sai ta sauke tabarau ta dubi mai zanen ta ce, “Ɗana, wa ya aike ka?” Daga nan ta zaunar da shi, ta jawo aljihun tebur, ta fito da wani tsohon zane da take ajiye da shi musamman don wannan darasi, wanda gam ɗin salatif ya ratsa takardarsa ya bar tabo ruwan ƙasa a kusurwa huɗu, tabon da ba abin da ke fitar da shi. Ba ta ƙara magana a kai. Ta ba shi tef ɗin takarda marar asid, ta nuna masa a liƙa daga sama kaɗai, a bar ƙasan sake, saboda takarda tana buɗewa tana tsukewa yadda iska ta sauya, in an ɗaure ta ta ko'ina sai ta yi ƙwarya. Matasa nawa ne suka koyi wannan a gaban teburinta? Babu wanda ya ƙirga. Babu kuma wanda ya rubuta cewa ranar karɓar zane ranar makaranta ce.

Sai maganar haske, wadda a kanta aka fi yi mata tsegumi. Kowa ya san yadda take bin labule tana saukewa da hantsi, da yadda take faɗa da duk wanda ya juyo fitila ya haske zane kai tsaye. Na sha jin ana cewa Mama ta cika tsanani, zaure ya yi duhu, masu saye ba sa ganin kala. To, tsananin nan ba daga gidansu ta zo da shi ba. Fentin ruwa garin launi ne da aka kwaɓa da ƙaro, wannan da ake tsattsagowa daga itacen dakwara, a ƙara ɗan gilisarin ko zuma don kada ya bushe ƙam. In an shafa shi, ruwan ya tafi, abin da ya rage a kan takarda ɗan siririn launi ne ƙwarai, ba shi da kaurin mai da zai kāre shi kamar fentin mai. Hasken rana yana cin sa a hankali, kuma abin da ya ci ya ciwu. Wasu launuka sun fi wasu saurin gudu: shuni, da jan nan da ake samu daga ƙwaro, da wani rawaya na ƙaron itace da masu zanen dā suke so. Shi ya sa za ka ga tsohon zanen daji da ya kamata ya zama kore ya koma ja-ja ko ruwan ƙasa, shuɗin da ke cikin koren ya tafi ya bar abokin haɗinsa. Gidajen adana kayan tarihi na duniya suna riƙe hasken da ke sauka a kan irin waɗannan zane-zane a wajen lukus 50 (lukus shi ne ma'aunin ƙarfin haske), wanda ga idon da ya shigo daga rana duhu ne, kuma ba sa barin su a bango shekara da shekaru.

Akwai wani attajirin Ingila mai tara zane, Henry Vaughan, da ya bar wasiyyar zane-zanen fentin ruwa na Turner, shahararren mai zanen Ingila: 38 ga gidan zane na ƙasa da ke Edinbara, 31 ga na Dublin. Sharaɗinsa a nuna su kyauta ga jama'a a watan Janairu kaɗai, lokacin da rana ta fi rauni a can. Tun farkon ƙarni na 20 ake bin wannan sharaɗi, kuma masu zuwa kallo har yau suna samun launin da ransa. Mutumin nan, da a ƙungiyarmu yake, da mun ce ya cika tsanani. Mama ba ta da lukus-mita, ba ta da attajiri a bayanta. Labule take da shi, da baki. Ranar da ta tafi, wa zai sauke labulen? Kuma in sabon shugaba ya ce a ɗage don masu saye su ji daɗi, wace takarda za a buɗe masa a ce ga dokarmu?

Na san abin da wasu ke faɗa a bayan fage, cewa ƙungiyar masu zane ce, aikin ofis kowa zai iya. Wannan magana ta nuna mai yin ta bai san dalilin da ya sa aka fara kafa irin ƙungiyarmu ba. A Landan, a ƙarshen ƙarni na 18, masu fentin ruwa suna da gwanaye, ba gwaninta suka rasa ba. Abin da suka rasa bango ne. Royal Academy, babbar cibiyar masu zane ta Ingila wadda aka kafa a 1768, tana karɓar aikinsu amma ta rataye shi a ɗakunan gefe, ko kusa da manyan zane-zanen mai masu ƙyalli da ke danne shi, kuma wanda fentin ruwa kaɗai yake yi ba ya samun zama memba. Sai a ƙarshen Nuwambar 1804 wasu daga cikinsu suka zauna a wani gidan shan gahawa a titin Oxford suka kafa tasu ƙungiyar, wadda a yau ake kira Royal Watercolour Society. A 1805 suka yi baje kolinsu na farko a titin Brook, zane 275, jama'a suka yi ta tururuwa, aka yi ciniki. Me ya canja tsakanin 1804 da 1805? Hannun masu zanen dai shi ne. An samu wanda ya nemo ɗaki, ya yi yarjejeniya da mai gida, ya buga kundin baje koli, ya sa mutum a bakin ƙofa, ya rubuta wa ya sayi me. A zaman farko ma sai da suka naɗa sakatare, Robert Hills, da ma'aji, Samuel Shelley, tare da shugaba. Sun san zane ba ya rataye kansa.

Kuma ƙungiyar nan ta yi tangal-tangal. Bayan 'yan shekaru ciniki ya ja baya, a 1812 aka rushe ta aka sake ginawa, har suka buɗe ƙofa ga masu fentin mai, sai 1820 suka koma kan fentin ruwa zalla. Ta yaya muka san duk wannan dalla-dalla? Saboda wani sakatarensu, Joseph John Jenkins, wanda ya riƙe kujerar daga 1854 zuwa 1864, ya shafe shekaru yana tara takardu, yana bin tsofaffin membobi da iyalansu yana tambaya, yana rubutawa. Ya rasu a 1885 bai kammala ba. Takardunsa ne John Lewis Roget ya ɗauka ya gina tarihin ƙungiyar a kai, aka buga a 1891 a juzu'i biyu, kuma masu bincike har gobe can suke komawa. Jenkins mai zane ne shi ma, amma yau in an ambace shi, yawanci don akwatunan takardunsa ne. Sa'arsu ɗaya ce: an samu wanda ya karɓi akwatunan.

Wannan ya kawo ni kan namu akwatunan, kuma nan ne hankalina ya fi tashi.

Ranku ya daɗe, tarihin ƙungiyar nan kaf yana cikin kwalaye a ɗakin ajiyar gidan Mama. Duk wanda ya taɓa zuwa taya ta ɗaukar kaya ya gan su. Akwai kundin kowane baje koli tun na farko, wasu da rubutunta na fensir a gefe: wannan an sayar, wannan gilashinsa ya fashe a hanya, wannan mai shi bai zo ya ɗauka ba. Akwai littattafan bayanan taro. Akwai hotunan zane-zanen membobin da suka riga mu gidan gaskiya, waɗanda iyalansu suka watse, zanen kansa ba a san inda ya shiga ba, hoton nan kaɗai ya rage shaida cewa an taɓa yin sa. Akwai wasiƙun waɗanda alƙalan baje koli suka ƙi aikinsu, masu zafi da masu ban tausayi, da kwafin amsar da ta ba kowa, domin ba ta taɓa barin wasiƙar wanda aka ƙi ba amsa ba. Wasu daga cikin waɗanda ke zaune a kwamitin nan yau, in an tona, za a ga tasu a ciki, da amsar da ta hana su jefar da buroshi.

Ƙungiya ba ta taɓa biyan hayar wannan ɗaki ba, ba ta taɓa sayen kwali ɗaya ba, ba ta ma da jerin abin da ke ciki. Takarda kuwa tana da maƙiya: danshi, fumfuna, gara, ɓera, da ƙarfen maƙala takardu da ke tsatsa ya ci gefen shafi. Akwai kuma maƙiyin da ya fi su sauri, wato ranar da iyali suka tashi gyaran gida suka ga tulin tsofaffin takardun da ba su san darajarsu ba. Ba laifinsu ba ne in sun zubar. Laifin wanda ya san darajar ne bai zo ya ɗauka ba.

Don haka ina roƙonku, kafin a kashe ko kwabo a kan liyafa, a ware kuɗin akwatunan ajiya marasa asid da kanta mai tsayi da za ta ɗaga su daga ƙasa, a samu wuri busasshe da sunan ƙungiya. A cire ƙarafa da robobin ɗauri. A rubuta jerin abin da ke ciki da fensir, kwali bayan kwali, Mama na zaune tana faɗa. A ɗauki hoton kowane shafi a ajiye a wuri biyu daban, kada a dogara da kwamfutar mutum ɗaya. Littafin masu saye kuma a kulle shi, ba na sakawa a intanet ba ne, mutane sun ba da sunayensu da adireshinsu bisa amana. Abin da ya fi duk waɗannan gaggawa shi ne a zauna da ita da na'urar ɗaukar murya, a buɗe kundin baje koli ɗaya bayan ɗaya, a bar ta ta yi magana. Kada a je mata da takardar tambayoyi goma. A buɗe shafi kawai a ce, “Mama, wannan fa?” Za ku ji dalilin da ya sa aka daina karɓar zane marar gilashi, da shekarar da rufin zaure ya yi yoyo aka kwashe zane-zane cikin dare, da wanda ya fara kawo shawarar ajin yara, da rigimar da ta kusa raba ƙungiya biyu a kan ko farin fenti mai kauri ya halatta a zanen da ake kira na ruwa zalla. Wannan rigimar, ku sani, ba mu muka fara ta ba, masu fentin ruwa sun daɗe suna yin ta, kuma za ta dawo. In ta dawo gara a ce muna da abin da magabatanmu suka yanke da hujjarsu, da a sake farawa daga tushe ana ɗaga murya.

Yanzu ga maganar da na san ba za ta yi wa wasu daɗi ba.

Mama ba ta da ƙuri'a a ƙungiyar nan. Sababbin membobi da yawa ba su sani ba, in an gaya musu sai su yi dariya su ɗauka wasa ne. Tsarin mulkinmu ya raba mu gida biyu, kamar yadda ƙungiyoyi irin tamu da dama suke yi: cikakken memba, wanda alƙalai suka karɓi aikinsa a baje koli sau adadin da aka ƙayyade, shi ke jefa ƙuri'a, shi ke sa haruffan ƙungiya a bayan sunansa, sai memba mai goyon baya, wanda ke biyan kuɗin shekara, ya halarci taro, ya yi shiru lokacin zaɓe. Mama tana gida na biyu. Dalili kuwa ba rashin iya zane ba ne. Tsofaffinmu sun san hannunta, sun san yadda take barin farin takarda ya zame mata hasken ruwa ba tare da ta taɓa farin fenti ba. Abin da ya faru shi ne, tun da aka koma tantancewa a ɓoye, inda ake rufe sunan mai zane a sa lamba, ita ce ke riƙe da takardar da ta haɗa lamba da suna, ita ce ke zaune a ɗakin alƙalai tana rubuta sakamako. Sai ta ce bai dace wanda ke riƙe da mabuɗi ya sa nasa aikin a cikin gasa ba. Ta janye zanenta, saura kaɗan ta cika adadin. Babu wanda ya tilasta mata, gaskiya ne. Babu kuma wanda ya ce mata, a shekara ta biyu ko ta goma, “Mama, bana ba ni takardar, ki kawo zanenki.” Haka aka tafi. Kowace shekara ita ke raba takardun zaɓe, ta tattara, ta ƙirga a gaban shaidu, ta sanar da wanda ya ci, hannunta bai taɓa jefa ko ɗaya ba.

Na san amsar da za a ba ni: doka doka ce, in an sassauta wa mutum ɗaya an buɗe ƙofa, darajar haruffan nan daga tsananin tantancewa take. Na yarda da rabin wannan. Haruffan a bar su ga waɗanda alƙalai suka tantance, ban nemi a taɓa su ba, ita ma na tabbata ba za ta karɓa ba in an miƙa mata ta bayan gida. Amma haruffa daban, ƙuri'a daban. Haruffa shaida ce a kan hannu. Ƙuri'a kuwa a kan tafiyar da ƙungiya ake jefa ta: kuɗin shekara, zauren da za a kama, wanda zai riƙe asusu. A waɗannan al'amura wa ya fi ta sani a cikinmu? Mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo. Abin da nake nema gyara ne ƙarami a tsarin mulki: duk wanda ya riƙe wa ƙungiya aiki na tsawon shekarun da babban taro zai ƙayyade, ya zama memba na har abada, da cikakkiyar ƙuri'a, ko ya taɓa shiga baje koli ko bai taɓa ba. Kada a rubuta shi da sunanta, a rubuta shi doka, don mai sa gilashi da mai koyar da yara da duk wanda zai zo bayanta su san akwai inda hidima ke kaiwa.

Masu tsoron buɗe ƙofa su waiwayi waccan ƙungiya ta Landan. Da ta rufe bangonta ga membobinta kaɗai, waɗanda aka bari a waje suka je suka kafa tasu a 1831, suka buɗe baje kolinsu ga kowa, ita ce yau Royal Institute of Painters in Water Colours. Mata kuma sun yi shekaru suna rataye zane a tsohuwar ƙungiyar, ana sayen aikinsu, ba su da ta cewa a harkar mulki, sai 1890 Helen Allingham ta zama mace ta farko da aka ba cikakken matsayi. Shekara 86 ke nan bayan kafuwa. Ba na jin akwai wanda ke alfahari da wannan jinkiri a can yanzu, kuma ban ji an ce darajar ƙungiyar ta zube ranar da aka gyara ba.

Batun magaji ba zan tsawaita ba, don a bayyane yake. Kada ku nemo mutum ɗaya ku ce ga sabuwar Mama. Ba za ku samu ba, in kun samu kuma kun zalunce shi. Aikin nan na mutum uku ne aƙalla: mai wasiƙu da bayanan taro, mai rajistar baje koli, mai kula da takardun tarihi. A sa wa kowace kujera wa'adi, a kuma rubuta cewa wanda ke riƙe da lambobin tantancewa bana, baɗi wani ne zai riƙe, don kada a sake samun wanda zai ajiye buroshinsa shekara 30 saboda kunya. Su ukun su bi ta baje koli ɗaya cikakke, daga ranar aika sanarwa har ranar da mai zane na ƙarshe ya zo ya ɗauki kayansa, suna rubuta duk abin da ta yi, har da wanda ita kanta ba ta ɗauka aiki ba ne. Tun ran gini ran zane. Ma'aji kuma, ranka ya daɗe, ka buɗe littafinka ka duba shekara nawa aka yi ba a ga kuɗin aika wasiƙa ko na mota ko na tef da waya a ciki ba. Wasiƙun dai sun tafi, zane-zanen sun hau bango. Wani aljihu ne ya biya. Ba za ta kawo rasit ba, kai ma ka sani, amma magajinta ya kamata ya tarar da kasafi a rubuce.

Wani abu guda da nake so a rubuta shi doka tun tana nan ta ba da hujja: yanzu da muka koma karɓar hotunan zane ta intanet, wanda ya sauƙaƙa wa na nesa ƙwarai kuma ina goyon bayansa, ita ce ta dage cewa hoto na zagayen farko ne kawai, hukuncin ƙarshe sai zane na gaban alƙalai. Allon waya yana haskaka zane daga baya, ya ƙara wa launi ƙarfin da ba shi da shi, ya mai da zane mai faɗin tafin hannu daidai da mai faɗin ƙofa, ya ɓoye ƙurajen takarda inda garin launi ke kwanciya. Mai gyara hoto da kyau zai iya doke mai zane da kyau. Na ji an fara cewa zagaye na biyu wahala ce da kashe kuɗi. In ta tafi ba a rubuta ba, shekara biyu ba za a yi ba za a soke shi.

Saura zanenta. Na ji wani ya kawo shawarar a rataya guda ɗaya a bakin ƙofa ranar liyafa, a sa fure a ƙasa. Don Allah kada a yi haka. Bakin ƙofa nan ne rana ta fi bugawa, kuma ita ce za ta fara tashi ta sauke shi. In za a yi, a tambaye ta tukuna, a kuma karɓi amsarta ko da a'a ce. In ta yarda, a ba ta bango sosai a baje koli mai zuwa, cikin sauran, a tsayin ido, da lamba da suna a kundi kamar kowa. Kuma daga bana takardar lambobi ta bar hannunta, ta samu damar miƙa sabon aiki ga alƙalai ba tare da sun san nata ba ne. Su karɓa ko su ƙi. Na san ta isa in ce wannan zai fi mata lambar yabo daɗi, ko da sun ƙi ɗin ne, domin rabonta da a yi wa zanenta hukunci tun wasu alƙalan namu suna makarantar firamare.

Mama ba ta san na rubuta wannan ba, kuma in ta gani zan sha faɗa. Na ɗauka. Abin da nake roƙo a wurinku shi ne a sa batun akwatuna, da gyaran tsarin mulki, da rabon aikin sakatare a cikin ajandar babban taro, a aika wa membobi rubutaccen daftarin gyaran cikin wa'adin da tsarin mulki ya tanada, don kada a ce an makara sai baɗi. Wa'adin nan ya kusa, kuma a karon farko bai kamata a bar mata ita ta tuna muku ba. Ni da wasu membobi mun shirya ɗaukar kwalaye da zaman ɗaukar murya duk ranar da kuka sa, in ta amince.

Allah ya ƙara muku haƙuri da mu.

Naku,
Ɗaya daga cikin membobi